Jawabi Ga Jama'ar Jalingo Game Da Ɓera A Gida



Maganar da ta tara mu yau ta ɓera ce. Mutane da yawa idan tarko ya kama ɓera da rai, sai su kai shi bayan gida ko bakin juji su sake shi, suna zaton sun rabu da shi ke nan. Wannan ba dabara ba ce. Ɓeran da aka saki kusa da gida zai komo, ko kuwa ya faɗa gidan maƙwabci. Wanda ya ɗauke shi da hannu kuma ya sa kansa cikin haɗari.

Ga dalili. A shekarar 1969 aka fara gano wata muguwar cuta a garin Lassa, wanda ke cikin Jihar Borno, aka sa mata suna zazzaɓin Lassa. Wani irin ɓera ne mai nonuwa da yawa ke ɗauke da ƙwayar cutar. Shi ba ta kayar da shi, amma tana fita cikin fitsarinsa da kashinsa. Idan waɗannan suka taɓa hatsi ko gari ko ruwan sha, mutum na iya kamuwa. Takan yi kwana 6 zuwa 21 a jiki kafin ta bayyana, da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon maƙogwaro da kasala. In ta tsananta takan jawo zubar jini ko kurunta, har ma da rasa rai. Ta fi yawa da rani, kuma a 2024 da 2025 Taraba na cikin jihohin da suka fi fama da ita.

Hausawa sun ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abinci ne ke kiransa. Saboda haka wajibi ne kowane magidanci ya lura da waɗannan:

Na ɗaya, a zuba hatsi da gari cikin mazubi mai murfi, a rufe randa da tukunya, kada sauran tuwo ya kwana a buɗe.

Na biyu, a daina shanya masara ko rogo a ƙasa ko a bakin titi.

Na uku, a toshe ramuka, a liƙe tsagar bango da gindin rumbu, a nisanta juji da ɗakin kwana.

Na huɗu, ɓeran da aka kama a kashe shi, a ɗauke shi da shebur, a binne shi da zurfi nesa da rijiya, sa'an nan a wanke hannu da sabulu. A hana yara farautarsa ko cinsa.

Duk wanda zazzaɓi ya ƙi sakinsa bayan ya sha maganin cizon sauro, kada a tsaya jinya a gida, domin masu jinya ma suna ɗauka. A hanzarta kai shi asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Jalingo. Magani ya fi amfani idan an fara shi da wuri.

Wanda ya ji, ya sanar da maƙwabcinsa, gama ɓera bai san iyakar gida ba. Allah ya ba mu lafiya, amin.