Tikitin Hutu ga Ɗalibi: Jawabi a Taron Ƙungiya



A shekarar 1972 hukumomin jiragen ƙasa na Turai suka fito da tikitin Interrail, wanda ya ba matashi damar zagaya ƙasashe 21 cikin wata guda da kuɗi kaɗan. Mu kuwa da muka tashi a karkarar arewacin Kano, da yawanmu ba mu taɓa taka Maraɗi ba, alhali harshenmu ɗaya da mutanenta.

Dogo ba baƙo ba ne a wurinmu. Ya iso Kano a 1911, a 1930 kuma ya bi ta Jogana da Ringim ya kai Nguru. Amma domin amfanin gonar kakanninmu aka shimfiɗa shi, ba domin ɗalibi ba.

A 2021 aka aza harsashin sabon dogo daga Kano, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina, zuwa Maraɗi. Wajibi ne ƙungiyarmu ta rubuta wa Hukumar Jiragen Ƙasa tun da wuri, ta nemi tikitin hutu mai rangwame ga duk mai katin makaranta. In muka yi shiru, jirgi zai riƙa wucewa ta bakin gonakin iyayenmu, namu sai ɗaga masa hannu.