Yabon Gwani Tun Yana Raye

Jawabin kwamitin al'adu da tarihi a wajen bikin karrama masu fasaha da masu kishin tarihin ƙasar Funtua

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Gabatarwa

Muna farawa da godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya sake tara mu a gida lafiya, wasu daga Kaduna da Kano, wasu daga Abuja, wasu kuma tun daga Legas da Fatakwal. Kowa ya sani cewa taronmu na shekara-shekara ya saba karkata ne ga batun ruwa da hanya da asibiti da makaranta, kuma lambobin yabonmu sun saba komawa hannun attajirai da manyan ma'aikata da suka tallafa wa waɗannan ayyuka. Wannan daidai ne, kuma ba za mu daina ba. Amma a bana mun juya ga wasu bayin Allah daban, waɗanda ba su da ofis, ba su da mota, wasunsu ma sai da aka aika a ɗauko su daga ƙauye.

Da aka kawo wannan shawara a zauren kwamiti, akwai 'yan uwa da suka tambaya, cikin kyakkyawar niyya, cewa me ya haɗa ƙungiyar ci gaba da makaɗa da masaƙa da masu tara tsofaffin takardu? Tambaya ce da ta cancanci amsa, kuma amsarta muka zo da ita a wannan ɗan gajeren jawabi.

Da me duniya ta san mu?

Garin Funtua ya bunƙasa ne da auduga da jirgin ƙasa. Layin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920 ya ratsa ta nan, fatake da 'yan ƙwadago suka kwararo daga ko'ina, kasuwa ta cika, gari ya faɗaɗa. Tun kafin wannan kuwa ƙasar Maska ƙasa ce ta noman auduga da saƙa da rini. To amma duk wanda ya zauna a birni a cikinmu ya san cewa idan ya ce shi mutumin Funtua ne, ba auduga ake fara ambata masa ba. Sunaye biyu ake kira: Shata da Barmani.

Marigayi Alhaji Dokta Mamman Shata an haife shi ne a Musawa a shekarar 1923, amma nan Funtua ya mayar gida, ya yi zaman shekaru masu yawa a cikinmu. Da kalangu da 'yan amshi ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa manoma da direbobi da 'yan kasuwa da sojoji, ya kai harshen Hausa wuraren da yawancinmu ba mu taɓa takawa ba. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Allah ya yi masa rasuwa ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura.

Marigayiya Hajiya Sa'adatu Barmani Choge kuwa 'yar ƙasar nan ce gaba da baya. Ta ɗauki kiɗan amada, wanda mata suke yi da ƙwarya a cikin gida lokacin biki da suna, ta fito da shi fili har ya shiga rediyo da talabijin. Ta yi wa mata magana da harshensu a kan zaman aure da kishi da haihuwa, ta kuma yi ta zaburar da su a kan riƙon sana'a tun kafin ƙungiyoyin tallafa wa mata su yawaita. Ta rasu a shekarar 2013.

Waɗannan biyu sun ɗaga sunan garin nan ba tare da an ware musu ko kwabo a kasafin kuɗi ba. Idan ci gaba ya haɗa da martabar gari da sanin kai, to su ma ma'aikatan ci gaba ne.

Inda muka gaza

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka za mu faɗa wa kanmu gaskiya a wurare uku.

Na farko, muna son fasaha amma muna ƙyamar mai ita. Tarihin Shata kansa ya nuna cewa mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba, domin a idon jama'a roƙo ne. Har yau wannan kallon bai gushe ba. Mutum zai cika motarsa da waƙoƙin gwani daga Abuja har Funtua, amma idan ɗan gwanin ya zo neman auren 'yarsa sai a fara bincike a kan asali. Haka muke yi wa maƙeri da majemi da wanzami. Sakamakon haka 'ya'yansu suna gudun sana'ar gado, wasu ma suna ɓoye ta idan sun shiga birni. Mun san akwai saɓanin malamai a kan kiɗa, kuma muna girmama wannan saɓani. Ba mu zo mu halatta batsa ko zambo ba. Abin da muke cewa shi ne a auna mutum da abin da ya faɗa da abin da ya aikata, kada a auna shi da gidan da aka haife shi.

Na biyu, yabonmu yakan zo a makare. Cikakken littafin tarihin Shata, wato Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka rubuta, ya fito ne a 2006, shekara bakwai bayan rasuwarsa. Muna jinjina musu ƙwarai, domin ba don su ba da abubuwa da yawa sun salwanta. Amma Shata babban bango ne da kowa ya gani. Ina makaɗan da suka riƙe masa kalangu? Ina 'yan amshinsa? Ina matan da suka zauna a bayan Barmani suna kaɗa ƙwarya? Mu nawa ne a wannan zaure za mu iya kiran sunan mutum uku daga cikinsu? Da yawansu sun koma ga Allah ba wanda ya zauna da su ya ji labarinsu.

Na uku, mun bar abin da suka bari yana lalacewa. Kaset ba ya jure zafi da laima. Zaren yana manne wa juna, sauti yana dusashewa, kuma rikodar da za ta juya shi ta yi wuyar samu. Abin da ya tsira ya koma wayoyin hannu ta wajen masu tura waƙoƙi a kasuwa, sau da yawa an yanke farkonsa, ko an laƙaba masa sunan wani mawaƙi daban, kuma iyalan mai waƙar ba sa ganin ko sisi. Takardun ajami da wasiƙun hakimai da hotunan farkon garin nan suna cikin adakoki gara tana ci. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi ƙauyukan yankin nan a 'yan shekarun nan, wadda ta raba dattawa da yawa da gidajensu. Dattijon da ya san sunan kowace karofi da kowane kufai, idan ya yi gudun hijira ya rasu a ɗakin haya, ilminsa ya tafi ke nan.

Waɗanda muke karramawa a yau

Sunayensu suna cikin takardar shirin taro, kuma za a kira su ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu akwai dattijon makaɗin noma da ya kwashe ƙuruciyarsa yana bin gayya daga gona zuwa gona. Akwai uwargidan da har yanzu ita ake kira idan za a yi amada a unguwarsu. Akwai masaƙin da bai tashi daga kan masaƙarsa ba duk da atamfar waje ta cika kasuwa, da maginin da ya iya daurin guga da zanen bango irin na da. Akwai marubucin waƙoƙin wa'azi da faɗakarwa da almajirai suke rerawa ba su san mai su ba. Akwai kuma tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda ya mayar da ɗakinsa ma'ajiyar kasakasai da hotuna da tsofaffin jaridu, da kuɗin fanshonsa, mutane suna ce masa mai tara tarkace.

A gare ku iyayenmu muna cewa: ku yafe mana jinkirin da muka yi. Kun riƙe mana gida lokacin da muka tafi neman boko da abinci. Allah ya saka muku da alheri.

Yadda magabata suka yi

Karrama gwani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Magabatanmu sun naɗa Sarkin Makaɗa da Sarkin Maƙera da Sarkin Magina, kuma sarautar ba rawani kaɗai ba ce. Tana tafe da riga da hatsi, wani lokaci da doki ko gona, tana kuma tafe da nauyin horar da na baya. A maƙwabtanmu Zazzau, Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, an san shi da laƙabin Babban Gwani, kuma zuriyarsa ta ci gaba da riƙe sana'ar gini bayansa. Darasin da ke nan shi ne, girmamawar da ta yi amfani ita ce wadda ta ciyar da gwani, ta kuma tabbatar da cewa ya bar magaji. Allon katako da za a rataye a bango ba ya sayen magani, ba ya kuma koya wa yaro saƙa.

Shawarwari

Saboda haka kwamiti yana gabatar wa babban taro da waɗannan shawarwari guda biyar.

Ɗaya, a ware wani kaso tsayayye daga kuɗin shekara na mambobi, muna ba da shawarar kashi 5 cikin 100, a buɗe asusun kula da lafiya da abincin waɗanda aka karrama, a riƙa karanta bayanin kuɗin a gaban kowa duk shekara.

Biyu, kafin taro mai zuwa a zauna da kowane ɗayansu a ɗauki hirarsa da murya da hoto: wa ya koya masa, ina ya zaga, me ya gani. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta isa wannan aiki. Muna roƙon 'ya'yanmu ɗaliban Hausa da tarihi da ke jami'o'i su karɓi wannan nauyi a lokacin hutu.

Uku, duk mai tsohon kaset ko faifai ko hoto ko takardar ajami ya ba da aro a kwafa a kwamfuta a mayar masa da abinsa. A rubuta sunan mai aikin da shekara da wurin da aka yi shi, gwargwadon abin da aka tabbatar. A yi kwafi uku: ɗaya a nan gida, ɗaya a miƙa wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, ɗaya kuma a nemi ajiye shi a Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 domin irin wannan aiki na adana tarihi.

Huɗu, lauyoyin da ke cikinmu su ba da lokacinsu kyauta su wayar da kan masu fasaha da magadansu a kan haƙƙin mallaka. Nijeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma waƙa dukiya ce da ake gado kamar gona. Yawancin iyalan ba su san haka ba.

Biyar, kowane gwani da aka karrama a haɗa shi da yara biyu ko uku masu sha'awa, ƙungiya ta ɗauki nauyin kayan aiki da ɗan abin sabulu. Mu kuma mazauna birni mu zama kasuwarsu. Idan za mu aurar da 'ya'yanmu, mu sayi saƙi da gwado daga gida, mu gayyaci namu, mu biya su da daraja ba tare da an sa su jira a bakin ƙofa ba.

Kammalawa

'Yan uwa, da yawa daga cikin 'ya'yan da muka haifa a birni ba su taɓa ganin gayya ba, ba su san ƙarar masaƙa ba, wasunsu Hausar ma tana yi musu nauyi. Ba laifinsu ba ne. Ranar da za su tambaye mu daga ina muka fito, rijiyar burtsatse da muka haƙa ba za ta ba su amsa ba, ko da yake ita ma wajibi ce. Amsar tana bakin waɗannan dattawa da ke zaune a gabanmu, kuma ba su da sauran shekaru masu yawa na jiranmu. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole; mu kuma muna ƙarawa da cewa a yi shi yana ji, yana gani, yana kuma iya cin moriyarsa.

Muna roƙon Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata da Hajiya Barmani Choge da dukkan magabatanmu, ya ƙara wa waɗanda muka karrama lafiya da nisan kwana, ya kawo mana ƙarshen fitinar da ta addabi ƙauyukanmu, ya zaunar da Funtua da Jihar Katsina da Nijeriya lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.