Sake Gina Unguwa Bayan Gobarar Daji: Gurbin Mutanen Gari a Ƙasar Maradun

Gobarar daji a ƙasar Maradun da maƙwabtanta, Talata Mafara da Bakura, ta fi tashi da hunturu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da ciyawa ta bushe ƙamas, iska kuma tana kaɗowa daga arewa maso gabas. Mafarauta kan cinna wa daji wuta don su fito da gafiya da zomo, manomi ya ƙona sharar gona, wutar ta kufce masa. Gidajen bakin gari take fara ci: dangar kara, zana, jinkar ɗakuna, sai rumbuna, waɗanda a wannan lokaci suke cike da damman gero da dawa. Da muhalli da abincin shekara da irin shuka, duk a yini guda suke tafiya.

Matakin farko jama'a ke ɗaukarsa tun kafin labari ya kai ga hukuma. Maƙwabta su kwashe mata da yara, a zo jaje da kwanon hatsi da tufafi, mai unguwa da liman su ƙidaya gidajen da abin ya shafa. Aikin da ke biye ya fi wuya, kuma shi baƙo ya fi mantawa da shi, wato tantance iyaka. A mafi yawan ƙauyuka danga ce shaidar inda gidan wani ya ƙare, babu takarda. Idan ta ƙone, dattawan da suka san tarihin gadon kowane gida ne kaɗai za su iya nuna wurin. Duk ginin da aka ɗora kafin su yi magana, shari'a aka ɗora.

Daga nan sai gayya. Bangon ƙasa yakan tsira daga wuta, don haka rufi ake fara nema. Matasa su kwaɓa ƙasa su yi tubali, magina su ɗaga abin da ya zube, mata su ɗebo ruwa su dafa wa ma'aikata abinci. Sai dai wutar da ta ci gari ta riga ta ci gamba da shuci, dole a nemo su daga ƙauyukan da suka kuɓuta, nan kuwa zumunta ta fi kuɗi aiki. Wa'adin bai wuce faɗuwar damina wajen Yuni ba, lokacin da kowa zai koma gona.

Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta Jihar Zamfara da Hukumar Zakka da Wakafi suna da rawar takawa wajen kwanon rufi, siminti da hatsi. Matsalar tana ga wanda ya rubuta sunayen masu karɓar agajin. Jerin da aka tsara a ofis yakan tsallake matar da mijinta ya rasu, da 'yan gudun hijirar da rashin tsaro ya tsugunar a bukkokin bakin gari, alhali su wuta ke fara samu.

Maradun ta san illar shawarar da aka yanke daga nesa. Madatsar ruwan Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978, ta tashi dubban mutane, aka tsugunar da su a sabon matsuguni ba tare da gonaki ko diyyar da ta gamsar da su ba. Rikicin da ya biyo baya ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a Afrilun 1980, rayuka da dama suka salwanta.

Gyaran tsari ma sai da yardar masu gida yake ɗorewa: a nisanta rumbu daga danga, a fifita rufewar laka a kan rumbun kara, a bar rariyar da mota za ta ratsa, a share kewayen gari da zarar an gama girbi. Ya kamata ƙaramar hukuma da masarautar Maradun su miƙa rabon kayan agaji ga kwamitin unguwa mai wakilcin mata, a kuma karanta sunayen masu karɓa a bainar jama'a kafin a sauke kaya.