Jawabin Buɗe Asusun Tallafa wa Matasan Makaɗa a Kumbotso

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci kunne, ya kuma halicci abin da kunne zai ji, ya raba baiwa a tsakanin bayinsa yadda ya so, ya ba wani ƙarfin damtse, wani kaifin basira, wani kuwa zaƙin murya da laushin yatsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatai da masu unguwanni na ƙasar Kumbotso, daga Panshekara har Mariri, ranku ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Alhazai masu masana'antu na Challawa da Sharaɗa, da waɗanda suka taso tun daga Bompai, iyayenmu mata, da ku 'ya'yanmu da aka taru dominku, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Da 'yan kwamiti suka zo mini da maganar in yi jawabi a wannan rana, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne wani mutum da na sani shekaru da yawa da suka wuce, lokacin ina saurayi ina aikin akawu a wata masana'antar jima a nan Challawa, ina rubuta adadin fatun da suka shigo da waɗanda suka fita. Mutumin nan lebura ne, aikinsa jan ɗanyun fatu daga ramin jiƙo, hannuwansa duk sun tsattsage saboda gishiri da magani, amma idan aka tashi hutun azahar, aka idar da salla, sai ya koma gindin wata darbejiya, ya zaro 'yar kukumarsa daga cikin buhu, ya shanya ta a rana kaɗan don fatar ta ɗame, ya goga ƙaro a jikin tsagiyar, sa'an nan ya sa mata baka. Wallahi na sha ganin ƙarti majiya ƙarfi sun bar kwanon abinci a buɗe, ƙuda na bi, sun yi tsit har a buga ƙararrawar komawa aiki. Gadon gidansu ne, ubansa ya yi wa wani basarake kiɗa, amma da basaraken ya rasu babu wanda ya ɗauke su. Da aka rufe masana'antar, kamar yadda aka rufe da yawa irinta a Sharaɗa da Bompai saboda rashin wuta da shigowar kayan waje, na haɗu da shi a bakin titi yana tura baro, na tambaye shi kukuma, ya ce ya sayar da ita ranar da ɗansa ya kwanta ciwo. Ɗan nan ya warke, ya girma, bai taɓa riƙe kukuma ba. Silsilar da ta ratso kakanni, ta yanke a gaban idona, ni kuwa ban taɓuka kome ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ku duba yadda magabata suka tsara wannan al'amari. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wanda kuma tarihi ya ce shi ya fara sa a busa kakaki a fadar Kano, makaɗi a ƙasar Hausa bai kasance mutum mara jingina ba. Yana da ubangida, wanda yake ɗauke masa ci da sha da sutura, ya ba shi gida da gona, in ya yi abin kirki a ɗora masa riga a ba shi doki, domin hankalinsa ya kwanta, ya sami sukunin zama da yaransa dare da rana suna shirya waƙa, suna gyara ta, suna zubar da abin da bai yi armashi ba. Da ba don Sarkin Gobir na Isa Ahmadu ya riƙe Ibrahim Narambaɗa ba, da ba mu gaji wannan taskar hikima da malaman jami'a suke ta rubuta littattafai a kanta har gobe ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi shekaru yana amshi a bayan mahaifinsa da yayansa kafin ya ja ƙungiya tasa ta kansa. Ɗanmaraya Jos kuwa, sunansa ma ya isa shaida: maraya ne, Sarkin Hausawan Bukuru ya rene shi, kuma da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya tak ya zaga ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2015. Shi kansa Alhaji Mamman Shata, da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, duk da yawan masoyansa, ya san inuwar Sarkin Daura Muhammadu Bashar, a Daura kuma aka binne shi a 1999.

Abu biyu ne ubangida yake bayarwa, in an lura: lokaci da fage. Lokaci, domin yaro ya daɗe a gaban gwani yana ɗaukar kaya, yana amshi, yana koyon yadda ake ɗaure kalangu da yadda ake liƙa wa kotso danƙo, ba tare da yunwa ta kore shi zuwa neman na tuwo ba. Fage kuwa, domin ranar da ya nuna, a tsayar da shi a gaban jama'a, a ranar salla ko naɗin sarauta, manya su saurare shi, su yi masa shaida. Yau fada ba ta da wannan ƙarfi, dukiya ta koma hannun 'yan kasuwa da masu masana'antu, su kuwa ba a saba musu da wannan nauyi ba. Sai aka wayi gari yaro mai baiwa ba shi da abin yi illa ya shiga ɗakin ɗaukar murya, kwamfuta ta yi masa kiɗa, ya yabi ɗan siyasa a ba shi na cefane, alhali bai taɓa sanin nauyin gurmi a cinyarsa ba. Ban ga laifin yaran ba. Wanda bai sami rijiya ba, ai da ruwan kududdufi zai yi wanka.

Sauran al'ummai sun gamu da irin wannan, da sarakunansu suka gushe, sai suka sake dabara. Ku ɗauki Faransa, wadda harshenta ake karatu da shi a maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram. Suna da wani abin kiɗa da ake kira fiyano, akwati ne babba mai maɓallai 88, farare da baƙaƙe, wanda yaro yake fara koyo tun yana ƙarami, ya shafe fiye da shekara goma kafin a ce ya iya. Tun 1795, 'yan shekaru bayan sun tuɓe sarkinsu, suka kafa babbar makarantar kiɗa a birnin Faris, hukuma ta ɗauki nauyin da fada take ɗauka a da. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, birnin yana hannun Jamusawa, wata gwanar fiyano mai suna Marguerite Long da wani gwanin gogen Turawa, Jacques Thibaud, suka kafa gasa domin matasa su sami inda za su fito, kuma gasar tana nan har yanzu. Ban da wannan, attajiransu da ƙungiyoyinsu suna biya wa saurayi ko budurwa kuɗin karatu a wata ƙasa, sa'an nan su kama masa zaure, su buga takardun gayyata, su tara masana, domin ya yi fitowarsa ta farko shi kaɗai, daga shi sai fiyanonsa. Amfanin wannan doguwar hidima ya bayyana a 2019, sa'ad da wani saurayi ɗan shekara 22, Alexandre Kantorow, ya ci lambar zinariya a gasar Tchaikovsky ta birnin Mosko, abin da wani Bafaranshe mai kaɗa fiyano bai taɓa yi ba kafinsa. Shi ne kuma wanda duniya ta gani a 2024, ranar buɗe wasannin Olamfik, yana kiɗa a kan wata gada ta kogin Faris, ruwan sama yana zuba a kansa, bai fasa ba.

Ba na kawo wannan don in ce mu bar kalangu mu kama fiyano ba, ko da yake in Allah ya ba wani yaronmu sha'awarsa ba za mu hana shi ba, tun da ga Ayo Bankole, haifaffen Jos a 1935, wanda tallafin karatu ya kai Landan da Kambirij, ya dawo ya yi wa ƙasarsa aiki a gidan rediyo da Jami'ar Legas. Ga kuma makarantar MUSON a Legas, wadda ƙungiyarta ta kafu a 1983, inda gidauniyar kamfanin MTN take biya wa ɗalibai kuɗin karatu. Misalin da ya fi kusa da zuciyata yana nan arewa da mu. Malam Mamman Barka, malamin makaranta ne a Jamhuriyar Nijar, makaɗin gurmi, wanda da yawa daga cikinku kun ji waƙoƙinsa na Hausa. A 2002 hukumar UNESCO ta ba shi tallafi, ba don ya tafi Turai ba, sai don ya tafi bakin Tafkin Chadi, wurin Buduma masunta, ya durƙusa a gaban wani tsoho, Bukar Tar, wanda ake ganin shi ne na ƙarshe da ya iya kaɗa biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya zauna, ya yi ladabi irin na almajiri, ya koya. Tsohon ya rasu, amma biram bai bi shi kabari ba, domin a 2008 Malam Barka ya kaɗa shi a gaban dubban mutane a bikin WOMAD a Ingila. Shi ma ya riga mu gidan gaskiya a 2018, Allah ya jiƙansa. Kuɗin da aka kashe a wannan tafiya, na tabbata, bai kai abin da wasu daga cikinmu suke kashewa a bikin 'ya guda ba.

Allah ya gafarta malamai, na san akwai tambaya a zukatanku, kuma ba zan kewaye ta ba. Saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne, ba a wannan zaure za a warware shi ba, ni kuwa ban kai matsayin mai fatawa ba. Abin da na sani shi ne Imamu Gazali ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u a kan ladubban saurare, ya bambance abin da yake tausasa zuciya da abin da yake ingiza ta ga ɓarna. Farabi ya wallafa babban littafi a kan ilmin sauti. Ziryabu ya bar Bagadaza ya isa Ƙurɗuba a 822, sarkin Andalus ya karɓe shi, ya koyar da almajirai. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsananta a kan kaɗe-kaɗen da suke tare da alfasha da cakuɗuwar maza da mata. A nan Kano kuma kunnuwanmu sun saba da bandirin Ƙadiriyya. Saboda haka kwamiti ya gindaya sharaɗi, da shawarar wasu daga cikinku, cewa duk yaron da asusun nan zai ɗauka, sai ya ci gaba da karatunsa na addini da na boko, ba batsa, ba zambo, ba cin mutuncin kowa, kuma idan ya karkace, ku ne za ku fara tsawata masa kafin mu.

Ku kuma alhazai, da kuka zuba dukiyarku, ina roƙonku abu guda mai wuya. Ubangida na zamanin da yana bayarwa a yabe shi, wannan kuwa ba aibi ba ne a zamaninsa. Amma ku, ku bayar kada ku nemi a ambaci sunanku a waƙa, domin yaron da ya san cewa abincinsa yana rataye da yabon wani, harshensa ba zai taɓa sakewa ya faɗi gaskiya ba. Fatun akuyar da kuke jemewa a Challawa suna tafiya Italiya su zama takalma da jakunkuna masu tsada, kamar yadda kakanninsu suka ratsa Sahara a kan raƙuma har Turawa suka riƙa kiransu fatun Maroko. Irin wannan fata ce ake rufe bakin kalangu da ita, kuma ina ganin ya dace kaɗan daga cikin ribarta ya koma wa mai kalangun. Asusun zai biya wa tsofaffin gwanaye haƙƙinsu na koyarwa, domin su ma suna da iyali. Zai saya wa yara kayan kiɗa. Wanda ya yi fice a aika shi inda ilmin yake, ko Yamai ne, ko Legas, ko Alƙahira, ko Faris, da alƙawarin zai dawo ya koyar da na bayansa. Ba a manta da 'yan mata ba, domin kiɗan ƙwarya da amada, wanda Hajiya Barmani Choge ta riƙe har rasuwarta a 2013, yana neman magada, kuma iyayenmu mata su za su kula da wannan sashe a cikin sutura da mutunci.

'Ya'yana, ku da kuke zaune a gefen nan tun ɗazu, na ga gumi a goshinku ko da yake ana sanyi. Yau ce ranar da za ku fara tsayawa ku kaɗai, ba malaminku a gaba, ba wanda zai rufe muku kuskure. Kada ku yi gaggawa. Ku ɗaure tsirkiyarku sosai kafin ku fara, ko da jama'a za su jira, in kuwa ta tsinke a tsakiya, ku ɗaura wata ku ci gaba, babu dattijon da ke nan da bai taɓa ganin haka ba. Idan kun gama, kafin ku dubi masu tafi, ku je ku durƙusa ku gai da waɗanda suka koya muku.

Ranka ya daɗe, da izininka, da sunan Allah, na buɗe wannan asusu, ina roƙon Allah ya sa albarka a cikinsa, ya kare shi daga son zuciya da almubazzaranci, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya. Sanƙira, a gyara shimfiɗa, a kashe wannan fankar da ke ƙara, a kira mana yaron nan mai kukuma ya fara.