Sirrin Majiyyaci da 'Yan Jarida

Idan mota ta yi haɗari a gunduma, 'yan jarida sukan garzaya asibiti neman labari. Asibiti yakan naɗa mutum guda ya amsa musu. Shi zai faɗi yawan waɗanda aka kwantar, amma ba zai faɗi sunan kowa ko irin ciwonsa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana tona wannan sirri, sai da yardar majiyyaci a rubuce, ko umurnin kotu, ko in ɓoyewar za ta cuci jama'a. Saboda haka, in ɗan jarida ya tambayi hakimi ko magatakardansa, a tura shi asibiti, kada uwa ta fara jin rasuwar ɗanta a rediyo. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.