Jawabi Kan Ɓulewar Hanji: Kada a Kwana da Ciwon



Watan jiya na raka wata baiwar Allah asibiti don in yi mata tafinta. Ɗanta ya yi kusan mako 3 yana zazzaɓi, ana ta ba shi maganin sauro da jiƙo. Ranar da cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, sai aka kwana ana shafa masa mai. Likita ya ce hanjinsa ne ya ɓule. An yi masa fiɗa, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma da an ƙara kwana guda, Allah kaɗai ya san abin da zai faru.

Abubuwa biyu suka fi kawo wannan a nan. Na farko zazzaɓin taifot, wanda ake ɗauka ta ruwa ko abinci mai ƙazanta, musamman lokacin damina idan ruwa ya cika lungunan Kwatano. Idan ba a yi maganinsa daidai ba, a mako na 2 ko na 3 yakan cinye ƙarshen ƙaramin hanji har ya huda shi. Na biyu gyambon ciki, wanda yawan shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen ke ƙara tsanantawa. Ku tuna a 2017 hukuma ta kwashe jabun magunguna masu yawa a kasuwar Dantokpa. Ku daina sayen maganin tebur.

Alamominsa: ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciki ya yi tauri, amai, zazzaɓi, mutum ya kasa yin bayan gida ko tusa. Likita zai ɗauki hoton ƙirji a tsaye. Idan iska ta fito daga hanji, sau da yawa takan bayyana a hoton. Za a kuma auna jini.

Maganinsa fiɗa ne, da ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta. Babban asibitin CNHU yana yin irin wannan aiki. Kafin ku isa, kada a ba shi abinci, kada a ba shi maganin wanke ciki, kada a danna cikin.

Ku tafasa ruwan sha, ku wanke hannu da sabulu. Wanda bai jin Faransanci, ya neme ni a ofis in raka shi.

Allah ya ba mu lafiya.