HOTON GIDAN RAZDAN DA GANUWAR WURNO
Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya



Bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a filin Giginya ranar 15 ga Maris, 1903, sun shiga gine-gine: gidan Razdan, bariki, kotu da kurkuku. Suna gamawa sai su ɗauki hotonsu, su sanya a rahoto ko a katin gaisuwa, su aika gida. Haka suka yi wa gidan Gwamna Lugga a Zungeru, da gine-ginen Kaduna bayan ta zama hedikwata a 1917.

Ku lura da tsarin waɗannan hotuna. Ginin yana tsakiya, tuta tana bisa, Bature yana zaune a kan kujera. Mutanenmu kuwa suna gefe a tsaye, dogari ko ɗan sanda ko mai ɗaukar kaya, ba a ko rubuta sunayensu ba. Filin da ke kewaye da gidan ma da gangan ne, domin dokar 1917 ta ware yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Saƙon shi ne mulki ya zauna, mai kallo a Landan ya kwantar da hankalinsa.

Alhali ƙasar nan ta san gini da mulki tun kafin zuwansu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno ta zama ribaɗi, can ya rasu a 1837, can hubbarensa yake. A Wurno matafiyi Barth ya sauka a 1853, zamanin Aliyu Babba. Amma mai riƙe da kyamara shi ke zaɓar abin da jikoki za su gani.

Yau kyamara tana aljihun kowa, ginin ƙasa kuwa kowace damina tana cin rabonta. Saboda haka ina kira ga ƙungiya ta kafa kwamiti ya ɗauki hotunan ragowar ganuwa da tsoffin zauruka da masallatai, ya tattaro hotunan da ke cikin akwatunan iyayenmu, a rubuta sunan kowa da shekara tun dattawan da suka san su suna raye. A kai kwafi gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya mai da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.